Sana'ar da Ukasha Ya Ɓoye Mana

Assalamu alaikum 'yan uwa masu karatu. Na ga saƙonninku, masu zolaya da masu addu'a, har da wadda ta ce wai ko Amurka ta riga ta ɗauke ni ne shi ya sa na yi shiru. Ina nan Kazaure, ko Kano ƙafata ba ta taka ba. Abin da ya hana ni rubutu shi zan ba ku yau, amma don Allah wadda ta gane gidanmu ta bar wa cikinta.

Ga wadda yau ta fara karanta ni, sunana Sadiqa, shekarata ashirin da shida, ina koyar da Turanci a wata sakandaren 'yammata a nan cikin gari. Babanmu, Alhaji Shafi'i, magatakarda ne a ofishin hakimi tun ba a haife ni ba. Shi kuwa Ukasha ɗan amininsa ne, marigayi Sama'ilu mutumin Roni, wanda ya tafi Amurka karatu tun suna samari, ya auri wata baƙar fata ma'aikaciyar asibiti a can, bai sake dawowa ba har Allah ya karɓi ransa shekara biyu da suka wuce.

Bara da damina Ukasha ya zo ganin kakarsa, Hajiya Uwa, a Roni. Hausarsa a lokacin abin tausayi ce, ni ma "kai" yake ce min, sai Baba ya ce in riƙa raka shi ina yi masa tafinta. Sati uku ya yi ya koma. Daga nan waya ta ɗauka. A watan Maris ya kira Baba ya nemi izini, yanzu kuma ya dawo, an tsayar da ranar Asabar ƙanin babansa, Kawu Maikasuwa, zai kawo gaisuwa daga Roni.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son sa. Mutum ne da ba ka zama da shi minti biyar ba ka yi dariya ba. Kuma yana saurare. Irin sauraren da idan kina magana sai ki ji kamar duniya ta tsaya jiran ki ƙarasa.

To wannan sauraren ne ya fara damuna.

Akwai wani ɗan littafi mai baƙin bango da ba ya rabuwa da shi, a aljihun gaba na kaftaninsa yake ajiye shi. Ina cikin ba shi labari, ko Umma ta faɗi wata magana an yi dariya, sai ku ga ya zaro ya yi ɗan rubutu ya mayar. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce Hausa yake koyo. Na yarda. Amma wace Hausa ake koyo a lokacin da da Turanci nake masa magana?

Sannan maganar aikinsa. Ranar da Baba ya tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ina magana a gaban mutane, Baba." Umma na daga bayan labule ta yanke hukunci cewa lakcara ne. Kafin magariba Gwaggo Asma'u, yayar Baba, ta kai labari har Babura cewa Sadiqa ta samu malamin jami'a a Amurka. Shi kuma bai gyara wa kowa ba. Ni ma ban matsa ba, don ban so in ji abin da zai ɓata min.

Amma ku taya ni dubawa. Wata takwas muna waya, duk Juma'a da Asabar yana wani gari daban. Yau Shikago, wani satin Atlanta, wani satin wani garin da ban taɓa ji ba. Litinin zuwa Laraba kuwa yana gida, ba aikin fari ba na baƙi. Wace jami'a ce ake karatu a cikinta ranar Asabar kawai, kuma kowane sati tana canza gari?

Na gwada yi wa Umma maganar ranar Litinin, tana zaune a tsakar gida ta baje leshin da ta sayo mana, ruwan zuma mai duwatsu, tana auna wa kowa yadinsa.

"Umma, anya mun san aikin Ukasha kuwa?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ke dai kin iya neman magana. Yaro ɗan mutunci, jinin Sama'ilu, yana salla a kan lokaci, me kuma kike nema?"

"Tambaya kawai na yi."

"Wancan kin ce ba ya karatu, na bayansa kin ce yana da surutu. Yanzu Allah ya kawo wanda kika ce kina so da bakinki, za ki fara tone-tone? Ƙanwarki Shahida shekara guda ke nan mutanen Gwiwa suna jiranta, Babanku ya ce sai naki ya wuce. Ki ji tsoron Allah, Sadiqa."

Na tashi na bar mata tsakar gidan. Amma zuciyata ba ta bar maganar ba.

Ranar Talata da aka fita tara, malamai duk sun tafi wajen mai ƙosai, na zauna ni kaɗai a ɗakin malamai na sa data. Na rubuta cikakken sunansa a wurin bincike, babu komai. Na ƙara sunan garinsu, Kolombos ta jihar Ohayo, babu. Har zan kashe sai na tuna wata rana da muna waya na jiyo mahaifiyarsa tana ƙwala masa kira, ba Ukasha ta ce ba, "Kash" ta ce. Na rubuta Kash Isma'il.

Innalillahi. Sai ga fuskarsa ta cika min waya.

Bidiyo sun fi ashirin. Na farkon mutum miliyan huɗu sun kalla. Ga shi nan tsaye a kan dandamali, ba kaftani ba hula, wata baƙar riga mai gajeren hannu ce a jikinsa, da makirufo a hannu. Ya kara makirufon a kunne kamar waya, ya ɗan ranƙwafa, ya canza murya, sai ga Hausa tsantsa ta mutanen Roni tana fitowa daga bakinsa:

"Alo! Ina kwana? Ina gajiya? Yaya Inna? Yaya ruwa? Yaya akuyar nan mai taurin kai?"

Sai ya juyo ya ce wa jama'a da Turanci, haka babansa yake yi duk safiyar Lahadi, minti ashirin yana gaisuwa, bai kai ga faɗin abin da ya sa ya kira ba katin zai ƙare, sai ya ajiye waya ya ce, "Alhamdulillahi, mun tattauna."

Wallahi na yi dariya. Sai da na toshe bakina da gefen hijabi. Amma da kyamara ta juya kan masu kallo, dariyar ta maƙale min. Tebura ne cike da kwalabe, maza da mata a cakuɗe, Turawa suna ƙyaƙyatawa har da buga tebur. Gaisuwarmu suke wa dariya. Mamaci suke wa dariya, kuma ɗansa ne ya kawo musu shi.

Ashe wannan ce jami'ar. Ɗan barkwanci ne.

Aka buga ƙararrawa na shiga aji, har yau ban san me na koyar ba. Abu ɗaya ke yawo a kaina: littafin nan. Idan mahaifinsa bai tsira ba, ni wace ce? Duk sirrin da na zuba masa wata takwas, ina ya kai su?

Da yamma ya turo saƙo: "Malama, gobe Roni. Hajiya ta ce ki zo da yunwa." Na rubuta "To", ko ɗigo ban ƙara ba. Ya sake turowa: "To kawai? Wa ya taɓa min ke?" Na kashe data.

Ranar Laraba na nemi izini a makaranta muka tafi Roni, ni da shi da Gwaggo Asma'u a motar Kawu Maikasuwa. Na sa atamfa shuɗiya ɗinkin doguwar riga da farin mayafi, ko hoda ban shafa ba. Shi yana gaba cikin farar shadda, yana ta tsokanar Gwaggo tana dariya har da tafa hannu. Ni ina kallon bayan kansa ina cewa a raina, wannan ma gwaji yake yi, yana auna wace magana ce ke ba da dariya.

Hajiya Uwa ta tarbe mu da dambun shinkafa da zogale da fura mai sanyi. Idonta ya yi rauni, sai ta kamo hannuna tana shafawa tana cewa, "Amaryata, kin rame, ko mijin nawa ne ba ya barin ki barci da waya?" Da aka kira azahar ya tashi zai tafi masallaci, ya bar wayarsa a kan tabarma tana caji kusa da ƙafata.

Ban taɓa ta ba, Allah shaida ne. Ita ce ta kawo haske da kanta. Saƙo ne da Turanci daga wata Monika:

"Ta amince? Kash, muna bukatar ƙarshen labarin kafin Juma'a."

Na karanta sau uku kafin hasken ya mutu. Ƙarshen labarin. Hajiya tana ta ba Gwaggo labarin farashin gyaɗa, ni kuwa na ajiye cokali.

Da ya dawo na ce ina son magana da shi. Muka fita bayan gida gindin wata darbejiya, inda Gwaggo za ta iya hango mu ta taga. Da Turanci muka yi, don kada kowa ya tsinci komai.

"Wace ce Monika?"

Ya taɓa aljihunsa, ya ga ba waya. "Manajata ce. Ita ke shirya min wuraren aiki."

"Wane aiki, Kash?"

Yadda na kira sunan ya sa ya zauna a kan wani turmi da aka kife. Ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Kin gani ke nan."

"Na gani. Ni da mutum miliyan huɗu."

"Na so in faɗa miki."

"Wata takwas bakinka ciwo yake?"

Ya daɗe yana juya hular. Sannan ya fara magana, ba tare da ya kalle ni ba, kuma karo na farko tun da na san shi babu wasa a muryarsa. Ya ce babansa tasi ya tuƙa shekara talatin don shi ya zama mai haɗa magunguna. Ya shiga jami'a, a shekara ta uku ya bari, bai faɗa wa kowa ba. Ya koma ɗaukar kaya a wani sito, yana zuwa ƙananan wurare inda ake ba sabon shiga minti biyar ya gwada sa'arsa. Ya ce shekara biyu ya yi ba wanda ya yi masa dariyar kirki, akwai ranar da mutum uku ne kawai a wurin, ɗaya ma barci yake. Ya gwada barkwancin siyasa, ya gwada na 'yammata, duk ba su karɓe shi ba. Sai ranar da ya rasa abin faɗa ya kwaikwayi babansa a waya, wurin ya kaure.

"Babanka ya sani?"

"Sai da ya kwanta a asibiti. Wata ma'aikaciya ce ta gane ni ta nuna masa."

"Me ya ce?"

"Ya kalla har ƙarshe. Ya ce akuyar ba taurin kai gare ta ba, sata take yi, in gyara. Bai sake tayar da maganar ba. Bayan sati biyu ya rasu. Har yau ban sani ba ko yafe min ya yi ko gajiya ya yi."

Na ji tausayinsa ya taso min, sai na danne. A raina na ce, Sadiqa ki yi hankali, wannan mutumin sana'arsa ke nan, ya san inda ake taɓa mutum. Wa ya sani ko wannan labarin ma ya faɗe shi sau ɗari a kan dandamali?

"Kana shan abin da suke sha a wurin?"

"Ban taɓa ba. Ruwa nake sha."

"Ba ni littafin."

Ya ɗago da sauri. "Sadiqa..."

"Ba ni."

Ya zaro ya miƙo min. Na buɗe tsakiya. Rubutunsa ƙanana ne kamar tururuwa, amma na gane. "S. ta ce Turancina na 'yan tasha ne." "S. tana gyara min nahawu ko a saƙon soyayya." "Umman S. ta tambaya ko a Amurka akwai daddawa, da na ce babu ta ce Allah sarki, shi ya sa kuke harbe-harbe." A ƙarƙashin wasu ya ja layi, a gefen wasu ya rubuta "a dakata a nan", wato inda zai tsaya a yi dariya.

Na ci gaba da buɗawa har na iso abin da nake tsoro. Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai shi: ina yarinya ina da in'ina mai tsanani, yara suna kwaikwayona, Baba ne yake zaunar da ni kullum bayan la'asar in karanta masa jarida da ƙarfi har bakina ya sake. Ga shi nan ya rubuta, duka. A gefe ya sa: "Wannan ba na dandamali ba ne."

"Kin gani?" in ji shi a hankali. "Akwai abin da ba na taɓawa."

"Na gani. Na kuma ga labarin da baƙin biro ka rubuta shi, wannan gargaɗin kuma da shuɗi. Yaushe ka ƙara shi? Bayan ka gwada bai ba da dariya ba?"

Kamar na mare shi.

"Ni kake so, ko labari ka zo nema?"

"Ke nake so."

"To mene ne ƙarshen labarin da Monika take jira?"

"Ki ba ni zuwa gobe, zan yi miki bayanin komai."

"Ba ni za ka yi wa ba. Gobe bayan la'asar ka zo ka faɗa wa Baba sana'arka da bakinka. In ba ka zo ba ni zan faɗa, kuma kada Kawu ya wahalar da kansa ranar Asabar."

Na jefa littafin cikin jakata. Bai ce in ba shi ba.

A hanyar dawowa motar tsit. Gwaggo Asma'u ta dube ni ta dube shi, ta matso kunnena ta ce, "Ke, in faɗa kuka yi ki haɗiye shi sai bayan Asabar, na riga na gayyaci mutane."

Ranar Alhamis na yi zaton ba zai zo ba. Har na fara shirya yadda zan tunkari Baba, sai Shahida ta leƙo ta ce ga Ukasha can a falon Baba, kuma an ce in zo. Na zura hijabi na tafi. Baba yana kan kujerarsa da carbi, Ukasha yana ƙasa a kan kafet ya naɗe ƙafa. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Ya ce yana da magana, kuma wai sai kina nan," in ji Baba. "Ina jin ka, Ukasha."

Da Hausarsa mai ɗingishi ya yi bayani. Bai ɓoye barin jami'a ba, bai ɓoye irin wuraren ba. Ya ce shi ba malami ba ne, yana tsayawa ne a gaban mutane yana ba su dariya, su biya kuɗin shiga.

Baba ya daina jan carbi.

"Ɗan kama ke nan."

"Ban san kalmar ba, Baba."

"Masu yawo kasuwa-kasuwa suna ba mutane dariya a ba su na goro. Muna yara akwai su a kasuwar Roni." Ya juyo gare ni. "Ke kin san da wannan?"

"Shekaranjiya na gano, Baba."

"Ni kuma na zauna a gaban hakimi na ce surukina malamin jami'a ne." Ya mayar da ido kan Ukasha. "Da me kake ba su dariyar?"

"Yawanci da labarin babana."

"Sama'ilu?" Muryar Baba ta canza. "Tashi ka yi min in gani."

"Baba..."

"Ka yi a gaban Turawa, ni ne ba za ka yi a gabana ba? Tashi."

Ya miƙe, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya ɗauki rimot ɗin talabijin ya kara a kunne, ya ranƙwafa. Ya yi gyaran murya sau biyu. Sai kawai muryar wani mutum daban ta cika falon.

"Alo! Shafi'i? Kai ne ko ɗanka? Ina kwana? Ina gajiya? Yaya hakimi, har yanzu kai kake rubuta masa ko ya koyi rubutu? Kai, ka daina dariya kati na tafiya!"

Ban taɓa ganin abin da na gani ba. Baba ya saki carbi. Kafaɗunsa suka fara girgiza, dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har da riƙe ciki, sai kuma na ga hawaye suna bin gemunsa, dariyar ta koma wani abu daban. Ya rufe fuska da hannun riga. Ukasha ya ajiye rimot ya koma ya zauna.

"Shi ne," in ji Baba da ya samu numfashi. "Wallahi shi ne. A firamare shi yake kwaikwayon hedimasta, ni ake duka don ni nake dariya." Ya share ido. "Allah ya jiƙan Sama'ilu."

Muka ce amin. Na saci kallon Ukasha, na ga ya saki ajiyar zuciya kamar wanda ya ci jarrabawa. A raina na ce, shi ke nan, ya saye Baba kamar yadda yake saye kowa.

Ashe ban gama sanin mahaifina ba.

"Amma shi a ɗaki yake yi, tsakaninmu, mu da muka san shi muke son sa," in ji Baba. "Kai kuma ka kai shi kasuwa, gaban waɗanda ba su san ko waye shi ba. Wannan tsakaninka da shi ne, ba zan shiga ba. Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma ka ji tsoron Allah. 'Yata tana ciki?"

Ukasha ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake."

"Tana ciki, Baba."

Sai ya fasa ƙwan. A watan Janairu, a Shikago, an ɗauki wasansa na awa guda, mafi girma da ya taɓa yi, wanda shekara bakwai yake jiran irinsa. Minti ashirin daga ciki labarin zuwansa Kazaure ne. Wani kamfani ya saya, kuma gobe Juma'a za su sake shi duniya ta gani. Abin da Monika take jira shi ne layi ɗaya da za a rubuta a ƙarshen bidiyon, cewa yarinyar ta amince ko ba ta amince ba.

"Na ce musu kada su sa layin," ya ce yana kallona. "Tun jiya na faɗa musu."

"Tun jiya," na maimaita. "Bayan na kama ka."

"Da izinin wa ka ɗauka?" in ji Baba.

"Ban nemi izini ba."

"Za ka iya hana shi fita?"

"Na sa hannu, Baba. Idan na hana, ba wanda zai sake aiki da ni. Amma idan kun ce in hana, zan kira su yanzu." Ya ciro waya ya ajiye a gaban Baba da hannu biyu. "Yana ciki. Ku fara gani kafin kowa. Ban zagi kowa ba, wallahi."

Baba ya dubi wayar kamar wani ƙwaro. Sannan ya dube ni.

"Matso, Sadiqa. Ni Turancina na takarda ne, ba na jin wannan na hanci. Ki fassara min. Kada ki rage, kada ki ƙara, kada ki gyara masa."

Na matso na durƙusa kusa da ƙafarsa. Ukasha ya lalubo wurin ya danna, ya ja da baya ya sunkuyar da kai.

Wani ƙaton zaure ne, mutane sun fi dubu. Na dafe ƙirji ina jiran in ji sunana. Amma Ukasha na cikin wayar bai ce komai ba tukuna. Sai ya gyara tsayuwa, ya ɗaga haɓa, ya tattare hannun babbar rigar da babu ita a jikinsa ya aza a kafaɗa, dama sannan hagu, ya leƙo jama'a ta saman tabaran da babu shi. Ko makaho ya san wa ake nufi. Kafin ya buɗe baki zauren ya ɗauki dariya. Sannan ya faɗi jimla ɗaya, wurin ya kaure da tafi.

Baba ya sa yatsa ya tsayar da bidiyon da kansa.

"Me ya ce?"

Na dubi Ukasha. Idonsa yana roƙona.

"Ya ce... wannan shi ne surukina, sai dai shi bai sani ba tukuna."

Baba ya gyaɗa kai a hankali.

"A Janairu ka faɗi haka."

"Eh, Baba."

"A Maris ka nemi izinina."

"Eh, Baba."

"Wato mutum dubu sun riga ni sanin wanda zan ba 'yata." Ya ɗauki carbinsa daga ƙasa ya naɗe a hannu. Fuskarsa ba fushi ba fara'a, kuma wallahi na fi tsoron hakan. "Saura minti nawa?"

"Goma sha tara," in ji Ukasha.

"To. Ba wanda zai kira Roni, ba wanda zai kira Amurka, sai mun kai ƙarshe. Sadiqa, leƙa ki kira Ummanki ta zo ta zauna. Na tabbata ita ma ba a bar ta a baya ba."

Na miƙe na fita. A tsakar gida na tarar da Umma da tela, ta ɗaga sabon leshinta a rana tana duba ɗinkin wuya. Ta juyo da murmushi har kunne.

"An gama? Sun tsayar da lokacin zuwan nasu?"

Na ce, "Umma, ki ajiye leshin nan. Baba yana kira."